Biri Ya Yi Kama da Mutum: Yadda Ake Tsare Garken Biran Bincike Daga Cuta

Duk wanda ya taɓa shiga gidan likita a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, aka ɗebi jininsa don a san rukuninsa, ya san ɗan katin nan da ake miƙo masa daga baya. A kansa ana rubuta A, ko B, ko AB, ko O, sa'an nan a biyo da kalmar resus, da alamar tarawa ko ta ɗebewa. Mutane da yawa suna yawo da wannan kati cikin aljihu shekara da shekaru ba tare da sun san cewa resus sunan biri ne ba. Biri ne mai launin ƙasa-ƙasa da jar fuska, daga dangin biran Asiya da ake kira makak, wanda ya cika garuruwa da dazuzzukan Indiya da Sin. Da jininsa ne masana biyu, Karl Landsteiner da Alexander Wiener, suka yi aikin da suka bayyana a birnin New York a shekara ta 1940, sunan kuma ya bi katin har wa yau.

Ba a kan kati kaɗai wannan biri ya bar sawu ba. Rigakafin shan inna da ake ɗiga wa yara a baki, ta kansa ya bi kafin ya iso. Maganin tenofobir, wanda masu ɗauke da ƙwayar sida ke haɗiya kullum, a jikin biran makak ne aka nuna ƙarfinsa a 1995. Allurar Ebola da aka yi amfani da ita a Gine a 2015, da alluran korona na 2020, duk sai da aka gwada su a kan birai. Saboda haka lafiyar birin da aka yi gwaji a kansa ba damuwar Turawa kaɗai ba ce. Idan yana ɗauke da wata cuta ɓoyayya, abu uku na iya aukuwa: ya harbi mai kula da shi, ko ya gurɓata maganin da aka haɗa daga jikinsa, ko kuma ya ruɗi masu bincike, su ɗora wa magani laifin da ba nasa ba, ko su yabe shi da aikin da bai yi ba. Dukan ukun nan sun taɓa aukuwa, kuma kowanne da ransa ko dukiyarsa aka biya.

Darussa uku masu tsada

Darasi na farko ya zo a 1932. Wani matashin likita mai suna William Brebner yana binciken shan inna a New York, sai wani birin resus, wanda ga ido lafiyarsa lau, ya cije shi a hannu. Kafin sati 3 su cika, ciwo ya hau lakarsa da ƙwaƙwalwarsa, ya rasu. Abokin aikinsa Albert Sabin, wanda daga baya ya samar da rigakafin shan inna na ɗigawa, yana cikin waɗanda suka ware ƙwayar da ta kashe shi, aka sa mata suna birus B, wato harafin farko na sunan mamacin. A jikin biri wannan ƙwaya ba ta wuce ƴan ƙuraje a baki, irin waɗanda zazzaɓi ke fesa wa mutum a leɓe, sau da yawa ma ba a ganin kome. A jikin ɗan Adam kuwa, idan ba a yi magani da wuri ba, tana kashe kusan 8 cikin 10. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙidaya kimanin mutum 50 da suka kamu tun daga 1932, 21 daga cikinsu sun mutu. A 1997 wata ma'aikaciya mai shekara 22 ta rasu a jihar Jojiya bayan da wani ɗan ruwa daga kejin biri ya fantsa mata a ido. A 2021 wani likitan dabbobi ya rasu a Bejin bayan ya feɗe gawar birai biyu.

Darasi na biyu ya shafi miliyoyin mutane. A shekarun 1950, da aka shiga haɗa rigakafin shan inna gadan-gadan, a cikin ƙwayoyin naman ƙodar biri ake rainon ƙwayar cutar kafin a kashe ta ko a raunana ta. Indiya tana fitar da biran resus fiye da dubu 100 a shekara a wancan zamani, kamun daji, ba wanda ya san abin da ke cikin jininsu. A 1960 Ben Sweet da Maurice Hilleman suka gano wata ƙwaya ta biri da ta shiga cikin rigakafin, aka kira ta SV40, domin ita ce ta 40 a jerin ƙwayoyin biri da aka samu. Wata masaniya, Bernice Eddy, ta nuna cewa ruwan ƙodar biran nan yana haifar da ƙari a jikin wasu ƙananan dabbobi dangin ɓera. Hankali ya tashi ƙwarai, domin tsakanin 1955 da 1963 an yi wa miliyoyin mutane allurar da wani sashe nata ya gurɓata. An bi sawun waɗannan mutane shekaru da dama, manyan bincike ba su nuna cewa ciwon daji ya ƙaru a cikinsu ba. Duk da haka tun daga 1961 Amurka ta kafa doka cewa kowane sabon kashi na rigakafin sai an tabbatar babu SV40 a cikinsa.

Masu haɗa magani suka ce to, tun da resus ne ke ɗauke da wannan ƙwaya, bari a koma ga koren biri na Afirka, wanda ba ya da ita. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. A watan Agusta na 1967, ma'aikatan kamfanin Behringwerke a garin Marbug na Jamus suka soma kwantawa da zazzaɓi mai zafi da zubar jini. Haka aka gani a Farankfut, haka kuma a Belgirad, babban birnin Yugosilabiya ta wancan lokaci. Abin da ya haɗa wuraren uku shi ne biran da aka kawo daga Yuganda don a cire ƙodarsu. Mutum 31 suka kamu, 7 suka mutu. Da sunan wannan gari ake kiran cutar har yau, ita ce kuma ta ɓulla a Gine a 2021, da Gana a 2022. An daɗe kafin a gano cewa gidanta na asali jikin wani jemage ne mai cin ƴaƴan itace da ke kwana cikin koguna. Biran nan tsautsayi ne ya ratsa ta kansu.

Haɗa baƙi ɗaki ɗaya

Akwai wata masifa da ba a lura da ita da wuri ba, ita ce ta haɗa biran Afirka da na Asiya wuri ɗaya. Allah ya raba su da teku da hamada, kowanne ya saba da cututtukan gidansu, amma ɗan Adam ya tara su ƙarƙashin rufi guda, wani lokaci har da allura ɗaya ake tsira musu.

Jan birin nan da manoma ke kora daga gonar gero da gyaɗa, wanda ake samu daga gandun dajin W har duwatsun Ayar, yana cikin wannan labari. Shi da gwaggon biri da koren biri suna iya ɗaukar wata ƙwaya mai haddasa zazzaɓin zubar jini na birai, su rayu da ita ba ko atishawa. Amma idan ta shiga jikin makak, kusan ba mai tsira. A 1964 ta yi ɓarna a gidan biran Sukumi na Tarayyar Sobiyet, da na Betesda kusa da Washinton, daga baya bincike ya nuna jan biri a matsayin mai dakonta. Ba a taɓa samun mutumin da ta kama ba.

Haka ta faru da ƙwayar SIV, ƴar'uwar ƙwayar sida. Biran Afirka iri-iri suna da ita tun fil azal, da yawansu kuma ba ta kwantar da su. Biran Asiya ba su san ta a daji ba. A 1985 masu bincike na cibiyar birai ta New England, wadda a lokacin take ƙarƙashin jami'ar Harvard, suka ware ta daga jikin biran resus da ke ramewa suna mutuwa kamar masu ƙanjamau. Da aka bi salsala, sai aka tarar daga wani biri mai launin toka na Afirka ta Yamma, mangabe, ta tsallaka musu a gidajen bincike na Amurka shekaru kafin nan. Daga wannan mangabe ɗin ne kuma ƙwayar sida ta biyu ta shigo cikin mutane, kamar yadda ta farko ta fito daga biran shimfanze na kudu maso gabashin Kamaru. Abin mamaki, wannan kuskure shi ya ba masana hanya mafi kyau ta nazarin sida a jikin dabba. Sai dai hanyar ba ta da amfani idan ba a tabbata birin da za a sa wa ƙwayar da gangan tsarkakakke ne tun farko ba.

A watan Nuwamba na 1989 kuma, a Reston, wata unguwa da ba ta da nisa da Washinton, biran da aka kawo daga Filifin suka yi ta mutuwa a gidan killace su. Likitocin sojan Amurka suka duba, suka ga wata ƙwaya dangin Ebola. Aka kashe ɗaruruwan biran da ke gidan. Ma'aikata 4 jininsu ya nuna ƙwayar ta shige su, amma ba wanda ya kwanta. Sa'a ce kawai, ba dabara ba. Bayan wannan aka ƙara tsananta doka: duk birin da ya shiga Amurka sai ya yi aƙalla kwana 31 a killace, an yi masa gwajin tarin fuka sau 3.

Daga kamu zuwa kiwo

A 1978 gwamnatin Indiya ta Morarji Desai ta hana fitar da biran resus, bayan da ta ji cewa sojan Amurka na gwajin tururin nukiliya a kansu, abin da ya saɓa wa yarjejeniyar da aka yi. Bangaladash ta bi sahu. Dole ta sa aka koma kiwo. Da ma akwai misali: tun 1938 an saki birai kimanin 400 daga Indiya a wani ɗan tsibiri mai suna Kayo Santiyago kusa da Fwarto Riko, jikokinsu suna can. Amma kiwo kaɗai ba ya wanke garke, domin abin da uwa da uba ke ɗauke da shi yana bin zuriya. A tsibirin nan kansa, bayan shekaru 50, bincike ya nuna mafi yawan manyan biran suna da alamar birus B.

Da sida ta bayyana, matsalar ta fito fili. A farkon shekarun 1980 wata cuta mai karya garkuwar jiki ta auka wa biran cibiyar Kaliforniya da wasu cibiyoyi: zawo, rama, ƙarancin jini, kumburin kaluluwa. Ba SIV ba ce, wata ce dabam da ake kira SRV, wadda asalinta na biran Asiya ne. To, mai binciken da ya sa wa biri SIV, ya ba shi magani, birin ya mutu, yaya zai san wace ce ta kashe shi? Wannan ne ya sa a ƙarshen shekarun 1980 hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta zuba kuɗi don a kafa garkunan da aka tabbatar ba su da ƙwayoyi 4: birus B, saboda ran ma'aikaci, SIV da SRV, saboda suna karya garkuwa, da STLV, wadda ke laɓewa cikin fararen ƙwayoyin jini, tana sauya yadda garkuwa ke aiki, wani lokaci kuma ta haifar da ciwon daji, musamman ga gwaggon biri. A kan waɗannan 4 ake ƙara tarin fuka, wanda ba birus ba ne, amma yana iya share garke cikin ƴan watanni.

Ya kamata a fahimci ma'anar wannan shaida. Ba cewa aka yi birin ba ya da wata cuta ko kaɗan ba. Cewa aka yi an nemi waɗannan da aka ambata da sunansu, sau da yawa, ba a same su ba. Abin da ba a nema ba, ba a ce kome a kansa ba.

Yadda ake gina garke mai tsarki

Makiyayin da ya sayo saniya a kasuwa, idan mai hankali ne, ba ya sakin ta cikin garke a ranar. Yakan ɗaure ta gefe ya ga tarinta da kashinta tukuna. Aikin gidan birai ke nan, sai dai ido ba ya wadatarwa, domin dukan ƙwayoyin nan 4 suna iya zama cikin birin da ke tsalle yana cin abinci.

Da yara ake farawa. Dalili kuwa, birus B ta fi yaɗuwa lokacin da birai suka balaga, ta hanyar cizo da yaƙushi da barbara; ƴan ƙanana galibi ba su kamu ba tukuna. Ana ware su bayan yaye, a yi wa kowanne lamba a fata, a ajiye su ɗaiɗai ko cikin ƙananan rukunai. Hikimar ƙaramin rukuni ita ce, idan aka samu guda da cuta, abokan ɗakinsa kaɗai za a yi hasara, ba garke duka ba. Wake ɗaya, in ji Hausawa, shi ke ɓata gari. Bayan kowane ƴan watanni a yi wa biri allurar barci, a ɗebi jini daga jijiyar cinya, a aika ɗakin awo. Wanda ya nuna alama a fitar da shi nan take, a sa ido kan waɗanda suka zauna da shi. Sai bayan an yi ta maimaita wannan har shekara ɗaya ko biyu ba a ga kome ba, sa'an nan a haɗa su manyan rukunai don haihuwa. Bayan haka ma awo ba ya tsayawa. Aƙalla sau ɗaya a shekara sai an bi kowane biri.

Awon iri biyu ne. Na farko ba ƙwayar cutar yake nema ba, sawunta yake nema. Idan cuta ta shiga jiki, jini yakan ƙera makaman yaƙi da ita, waɗanda likitoci ke kira antikor, kowace cuta da irin nata. Awon da ake kira ELISA, da sababbin da ke duba cututtuka da yawa cikin ɗigo ɗaya, waɗannan makamai suke gani. Idan aka ga alama, sai a tabbatar da wani awo na dabam mai tsanani. Na biyu shi ne PCR, wanda ke neman ƙwayar kanta, ta hanyar ninka ɗan guntun gadonta sau miliyoyi har na'ura ta gan shi. Tarin fuka kuwa, a fatar ido ake tsira ɗan ruwan gwaji, domin a iya ganin kumburi daga nesa har kwana 3 ba sai an sake kama biri ba.

Sauran aikin na tsafta ne da horo. Garke mai tsarki yana da gininsa, da kayan aikinsa, da ma'aikatansa. Wanda ya shiga wajen biran da ba a tantance ba, ba ya wucewa kai tsaye zuwa can. Allura ɗaya, biri ɗaya. Ma'aikatan ma ana auna su, domin ɗan Adam yana iya sa wa biri tarin fuka da ƙyanda. Haƙuri kuma shi ne babban jari: birinya tana yin kwana kimanin 165 da ciki, ɗa ɗaya take haihuwa a shekara, ba ta kuma soma haihuwa sai ta kai shekara 3 zuwa 4. Garken da aka kafa bana, sai bayan shekaru da dama za a ci moriyarsa, cuta guda kuma tana iya rushe shi cikin damina ɗaya.

Inda awo ke ruɗi

Kowace daga cikin ƙwayoyin nan tana da dabararta ta ɓuya. Akwai tazara tsakanin ranar kamuwa da ranar da makaman jini ke bayyana. Birin da aka auna cikin wannan tazara zai fito fes alhali yana ɗauke da cuta. Masu aikin ajiyar jini sun san wannan matsala sarai, domin ita ce ke sa jinin da aka auna don cututtuka 4 da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta wajabta, wato sida, da ciwon hanta iri biyu, da tunjere, ba a rantsuwa a kansa ɗari bisa ɗari. STLV takan yi watanni kafin ta nuna kanta. SRV kuwa ta fi wayo: akwai biran da ke ɗauke da ita, suna zubar da ita cikin miyau, amma jininsu bai taɓa ƙera makami a kanta ba, musamman waɗanda suka kamu tun suna ciki ko suna jarirai. Shi ya sa ba a yarda da awo ɗaya a kanta, sai an haɗa biyun. Jariri kuma yana iya nuna makaman da ya gada daga uwa, a zarge shi da cutar da ba ya da ita.

Birus B ita ce mafi wuya. Bayan ta shiga, sai ta janye ta kwanta cikin tushen jijiyoyi kusa da ƙwaƙwalwa da laka, ta yi shiru har tsawon rai, ba ta fitowa sai wahala ko ciwo ko lokacin barbara ya tashe ta. PCR na jini ba ya ganin ta a can, sai a dogara ga sawunta, sawun kuma wani lokaci yana dusashewa ya dawo. Bugu da ƙari, rainon ƙwayar don haɗa kayan awo yana bukatar ɗakin bincike mafi tsaro, saboda haka wurare da yawa suna amfani da ƴan'uwanta marasa haɗari, kamar ta gwaggon biri. Don haka doka a ko'ina ita ce, ko da biri ya fito daga garken da aka tantance shekara 20, a ɗauke shi tamkar mai cuta: safar hannu, tabarau, abin rufe fuska. Wanda aka ciza ya wanke wurin minti 15 ba tsayawa, sa'an nan ya ga likita.

Akwai kuma kuskure na ɗaya ɓangaren. A misali, a ce awo yana kuskure sau 1 cikin 100, garke kuma yana da birai 1000 masu lafiya. Kowane zagaye, birai 10 za su fito da alamar ƙarya. Idan aka gaggauta fitar da su, an zubar da dukiya da iri mai kyau. Idan aka saba cewa ai ƙarya ce, ranar da ta gaskiya ta zo za a bar ta ciki. Tsakanin waɗannan ramuka biyu likitan garke ke tafiya kullum.

Birin da aka tabbatar yana da cuta, wani lokaci ana mayar da shi garken da ba a tantance ba, wani lokaci kuma kashe shi ake yi. A 2017, a garin Labenne na kudu maso yammacin Faransa, hukuma ta sa an kashe biran makak fiye da 160 na wani gidan kallo saboda birus B, masu kare haƙƙin dabbobi suka yi ta Allah wadai, suna cewa biran ba su taɓa harbin kowa ba. Suna da hujjarsu, haka ma masu cewa raba ɗan biri da uwarsa don a tsarkake garke zalunci ne da ke barin tabo a halinsa. Wannan ƙorafi ya sa cibiyoyi da yawa suka rage kaɗaita yara, suna barin su bibbiyu ko fiye.

Da kuɗi suka shigo

A farkon 2020, da korona ta ɓarke, Sin ta dakatar da fitar da birai, alhali ita ce ke ba Amurka fiye da rabin waɗanda take shigo da su. Daidai lokacin ne kuma ake neman birai ruwa a jallo don gwajin allura. Birin da ake saya dalar Amurka ƴan dubbai ya haura dubu 20, wato fiye da miliyon 10 na sefa, kuɗin garken shanu guda. Inda riba ta kai haka, ha'inci ba ya nisa. A watan Nuwamba na 2022 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta tuhumi mutum 8, cikinsu har da jami'an gandun daji 2 na Kambodiya, da cewa ana kamo birai daga daji a yi musu takardun ƴan kiwo. Jami'in da aka gurfanar, kotu ta wanke shi a 2024, amma zancen ya girgiza kasuwar. A 2023 kuma CDC ta samu tarin fuka cikin wani ayarin birai da aka kawo daga kudu maso gabashin Asiya.

Wannan shi ne gejin dukan aikin. Awo yana duba jini, amma tarihin biri a takarda yake, takarda kuwa mutum ke rubuta ta. Birin daji guda da aka cusa da lambar ƙarya yana iya mayar da aikin shekara 10 baya. Shi ya sa Tarayyar Turai, bisa dokarta ta 2010, ta nufi cewa biran bincike su zama waɗanda iyayensu ma a hannu aka haife su. Shi ya sa kuma biran tsibirin Moris suka yi daraja: matuƙan jirgin ruwa ne suka kai kakanninsu can ƙarnuka 4 da suka wuce, ƴan kaɗan, kuma ba a samun ƙwayoyin nan 4 a zuriyarsu. A ɗaya gefen, ana ta neman hanyar rage dogaro da birai gaba ɗaya. A ƙarshen 2022 Amurka ta cire wajabcin gwada kowane sabon magani a kan dabba, idan akwai wata hanya tabbatacciya. Rigakafin shan inna da yawa yanzu ana rainonsa ne cikin wani irin ƙwayoyin halitta da ake kira Vero, waɗanda aka samo daga ƙodar koren biri guda a Japan a 1962, ake ta ninka su cikin kwalba, an kuma bincike su ciki da waje.

Abin da ya shafi mai karatu

Wanda ya ji labarin SV40 yana iya cewa ga shi nan, da ma an faɗa. Ƙasar Hausa ta san farashin irin wannan zato: a 2003 an dakatar da ɗiga rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi saboda jita-jita, cutar ta sake bazuwa, ta tsallaka iyakoki zuwa ƙasashe da dama, yara suka shanye. Gaskiyar tarihin kuwa ita ce, masana ne da kansu suka gano gurɓatar 1960, suka buga ta a fili, aka kafa doka a kanta, kuma duk wannan tsarin tantance birai daga irin waɗannan kurakurai ya tsiro. A ranar 25 ga Agusta 2020 aka bayyana cewa ƙwayar shan inna ta daji ta ƙare a Afirka.

Game da biran gida kuwa, birus B ta makak ce, biran Afirka ba su da ita a daji. Amma suna da nasu. A 2004 wani bincike a kudancin Kamaru ya samu alamar wata ƙwayar biri cikin jinin mutum 10 daga cikin kimanin 1100 da ke farauta ko feɗe birai. Jan birin da aka ɗaure a turke a tsakar gida yara na tsokana, da gwaggon birin da ake yawo da shi kasuwa-kasuwa da sarƙa a ƙugu, ba wanda ya taɓa ɗibar jininsu. Wanda irinsu ya ciza ko ya yaƙusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa minti 15, kamar yadda ma'aikacin gidan bincike ke yi, sa'an nan ya nufi gidan likita a ranar, ya faɗi abin da ya cije shi.